Ciwon mara ba raki ba ne

Tun jiya nake bin maganganun da kuke yi kan yarinyar nan da malamarta ta sa ta durƙusa a rana don ta kasa ɗagowa daga kan benci saboda ciwon mara na al'ada, wallahi raina ya ɓaci. Wai raki ne, wai shagwaɓa ce, wai ai mu ma mun yi. To baiwar Allah in naki ya zo da sauƙi ki gode wa Allah, amma kar ki auna jikin wata da naki.

Ciwon mara ciwo ne. Mahaifa ce ke murɗawa tana matsewa don ta fitar da jini, wani sinadari da ake kira prostaglandin ke sa ta, in ya yi yawa sai ciwon ya sauka har gadon baya da cinyoyi, ga amai ga gudawa ga jiri, zufa na karyo wa mace ko da a tsakiyar hunturu ne, wata ko miƙewa ba ta iyawa sai dai ta rarrafa zuwa banɗaki. A haka kuke so ta zauna ta rubuta jarabawa, ta dawo gida ta ɗora tukunya kuma kar ta ɓata fuska?

Masu cewa ta yi haƙuri in ta yi aure ta haihu zai daina, don Allah ku bari. Wasu yana raguwa, e, amma wasu endometriosis ne, wato irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana damun kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, wasu kuma ƙarin mahaifa ne. Wannan likita yake so, ba haƙuri ba. Yarinya ta yi ta sayen maganin kashe ciwo irin Felvin a kemis tana sha ba komai a cikinta har olsa ta kama ta, duk don an hana ta cewa tana jin ciwo.

A Zambiya doka ta ba mace ma'aikaciya hutun kwana 1 duk wata saboda wannan, Sifaniya ma ta yi nata a 2023. Mu nan ko "sannu" ta gagara. Iyaye mata ku nake roƙo, in 'yarku ta ce marata, ku yarda da ita, ku sa mata ruwan ɗumi a gora ta ɗora, in yana kwantar da ita duk wata ku kai ta asibiti.

Ga kuma kuɗin audugar mata yanzu, yara da yawa sun koma tsumma, makarantu da yawa ko banɗaki mai ƙofa da ruwa babu, a ina ake so su canza?