A kan mata talatin aka gyara tsarin mulkin ƙasa guda

Wallahi raina ya ɓaci. Tun da dokar hana rufe fuska ta fara aiki a Suwizalan ranar 1 ga Janairun 2025 nake danne zuciyata, sai ga shi an sake ɗora labarin, na shiga wurin sharhi na tarar da namu, masu sunan Musulmi, suna ta rubuta "ƙasarsu ce, dokarsu ce". Wani har da karin magana, wai in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma nemi taka ka ɗaura. Malam, kafin ka ɗaura wutsiyar, tsaya ka amsa mini tambaya ɗaya: idan ɗan sanda ya tare mace mai niƙabi a titin Zurik, wa zai ci tara? Ita. Daga aljihunta kuɗin zai fito, sunanta za a rubuta, ita za a tsayar a gaban jama'a ana kallo. Dokar da aka ce an kafa don a 'yanta ta, ita take hukuntawa.

Ku duba yawan matan da ake maganar. Binciken da aka yi a Jami'ar Lucerne kafin ƙuri'ar ya kiyasta cewa masu sa niƙabi a duk faɗin ƙasar ba su wuce talatin da 'yan kai ba. Ƙasa mai mutum kusan miliyan tara, Musulminta wajen dubu ɗari huɗu, yawancinsu 'yan asalin Bosniya da Kosobo da Turkiyya waɗanda matansu da yawa ko ɗankwali ba sa ɗaurawa. A kan waɗannan mata talatin aka tara ƙasa gaba ɗaya ranar 7 ga Maris 2021 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, aka ci da kashi 51.2 cikin ɗari, aka shigar da haramcin cikin kundin tsarin mulki. Gwamnatin ƙasar da majalisarta ma ba su goyi baya ba. Cewa suka yi a tsaya a kan dokar da za ta tilasta wa mutum nuna fuskarsa ga jami'i idan ana son tantance shi, wanda duk mai hankali zai yarda da shi. Aka yi watsi da wannan. Kuma ƙungiyar da ta jagoranci abin, Kwamitin Egerkingen, ita ce dai ta jagoranci ƙuri'ar 2009 da ta hana gina hasumiyar masallaci, a lokacin da hasumiyoyi huɗu kacal ne a ƙasar. Hasumiya huɗu, mata talatin. Wanda bai gane inda aka dosa ba, bai so ganewa ba ne.

Za ku ce ai dokar ba ta ambaci Musulunci ba, rufe fuska ta ce, har da 'yan dabar filin ƙwallo. To karanta waɗanda aka ɗauke wa. Mai rufe fuska saboda sanyi an ɗauke masa. Mai rashin lafiya an ɗauke masa. Mai wasan kwaikwayo da mai tallar kaya an ɗauke musu. Masu bikin gargajiya irin na birnin Basel, da ake kwana uku ana yawo cikin fuskokin dodanni, an ɗauke musu, domin wannan al'adarsu ce. Da aka gama ɗauke wa kowa, wa ya rage? Hotunan da suka manna a tituna lokacin kamfe sun ba da amsa: mace ce cikin baƙin niƙabi, an zana mata idanu masu ban tsoro, an rubuta a dakatar da tsattsauran ra'ayi. Su da kansu ba su ɓoye ba, kai ne daga nan kake ɓoye musu. Tarar tana iya kaiwa faran 1000 na kuɗin Suwizalan, kuma ita za ta biya.

Faransa ce ta buɗe wannan ƙofa. A 2009 shugaban ƙasar na lokacin, Sarkozy, ya tsaya a fadar Basai ya ce ba a maraba da burƙa a ƙasarsu, a 2010 aka yi dokar, ta fara aiki a Afrilun 2011: tarar yuro 150, ko a tura mace ajin koyon zama 'yar ƙasa. Matan da ake maganar a can ma ba su kai dubu biyu ba a kiyasin hukumominsu, kuma mafi yawansu 'yan ƙasar ne, wasu ma Faransawa ne gaba da baya da suka musulunta. Nan ne karin maganar wutsiya ya rushe. Matar da aka haifa a Liyon, uwarta da kakarta duk a nan aka binne su, wane gari ta je? Ina za ta koma? Garinta ne, a garinta ake cin ta tara. Daga nan Beljiyam ta bi a 2011, Ostiriya a 2017, Denmak a 2018, kowa na kwafar na gaba da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hukuncin kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a 2014, a ƙarar da wata Bafaranshiya mai niƙabi ta shigar. Gwamnatin Faransa ta kawo hujjar daidaito tsakanin maza da mata, kotu ta ce ba za a kafa wannan hujja a kan matan da su da bakinsu suke cewa zaɓinsu ne ba. Ta kawo hujjar mutunci, kotu ta ƙi. Ta kawo hujjar tsaro, kotu ta ce haramci na bai-ɗaya ya wuce gona da iri tunda ana iya cewa mace ta buɗe fuska a inda ake bukatar tantancewa. Duk hujjojin da 'yan uwanmu suke maimaitawa a wurin sharhi, alƙalan Turai sun riga sun ture su. Abin da ya rage, wanda aka tabbatar da dokar a kansa da rinjayen alƙalai 15 a kan 2, shi ne "zaman tare": wai maƙwabci yana da haƙƙin ganin fuskarki don ya ji daɗin zama da ke. A 2018 kuma kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce Faransa ta tauye haƙƙin wasu mata biyu da ta ci tara, ya kuma yi gargaɗin cewa irin wannan doka tana iya kulle mata a gida. Sannan korona ta zo a 2020. Faransa ta wajabta takunkumin fuska a jirgin ƙasa da kantuna, duk gari baki da hanci a rufe, ana ciniki, ana gaisawa, zaman tare bai watse ba. Dokar niƙabi kuwa tana nan daram ba a taɓa ta ba. A rana ɗaya, a titi ɗaya, wadda ta rufe don cuta ta bi doka, wadda ta rufe don Allah ta karya doka.

Na san masu cewa "ai mazajensu ne ke tilasta musu". To mu ɗauka haka ne. Mu ɗauka akwai wata baiwar Allah da mijinta ya ce ba za ta taka waje ba sai da niƙabi. Yanzu da aka hana niƙabin, kana jin zai ce mata to shi ke nan, fita haka? Zai ce ta zauna a gida. Asibitin da take zuwa, makarantar da take raka yara, kasuwar da take haɗuwa da wata ta faɗa mata damuwarta, duk sun yanke. An haɗa mata zalunci biyu. Hukunta mai tilastawa daidai ne, Faransa ta sa masa tarar yuro 30,000 da ɗaurin shekara, ban da ja a kan wannan ko kaɗan. A tsaya a nan mana. Me ya kawo cin tarar wadda aka ce ita aka zalunta?

Ni ba na sa niƙabi, kuma ban zo yin fatawa ba. Malamai sun yi saɓani a kansa tun da daɗewa, da yawa a mazhabarmu ta Malikiyya suna ganin fuska da tafin hannu ba al'aura ba ne. Wannan zance ne na malamai da ɗalibansu, ba na ɗan sanda ba. Kuma don Allah kada wanda ya kawo mini Iran ko Afganistan, ko ya ce ai Tunisiya da Maroko ma sun sa wa niƙabi takunkumi. Gwamnatin da ta sa wa mace tufa da ƙarfi da wadda ta cire mata da ƙarfi, duka hannunsu a jikin mace yake, kuma laifin wancan ba ya wanke wannan.

Hujjar tsaro kuwa, mu ne ya kamata mu koya wa Turawa ita, domin mu muka ga jini. A Yunin 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Njamena, Chadi ta haramta niƙabi, har aka ba da umarnin a kwashe na kasuwa a ƙona. Kamaru ta yi haka a jihar Arewa Mai Nisa bayan harin Fotokol, Nijar ta yi a jihar Difa. Mutanen da suka kwashi gawar 'ya'yansu a kasuwa, ba zan zauna a bayan waya in zage su ba, na fahimci tsoronsu, ko da yake a can ɗin ma talakar mace da ba ta san hawa ba ta san sauka ba ita ta sha tsarewa a shingen bincike. Amma yaƙi ake yi a lokacin. A Suwizalan wane bam aka tayar cikin niƙabi? Wace kasuwa ta ƙone? Su ba dokar ta-ɓaci suka yi ba, a tsarin mulki suka rubuta, don ta zauna har jikoki.

Mu ma nan kada mu cika baki. Sai a Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ɗalibai mata na iya sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, bayan shekaru ana jan shari'a. Firdausi Amasa kuwa an hana ta shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja a Disambar 2017 saboda hijabi, sai a shekarar da ta biyo baya aka rantsar da ita. Hijabi fa, fuska a buɗe. Kuma har yau ina ganin yadda ake yi wa masu niƙabi a wuraren ɗaukar hoton katin shaida da ƙofar zauren jarrabawa, namiji ya daka mata tsawa ta ɗage a gaban layi. Ita ba ta ƙi a tantance ta ba. Mace ɗaya ma'aikaciya da labule a kusurwar ɗaki sun isa, ga 'yan mata nan da takardun digiri zaune a gida ba aiki, a ɗauke su mana.