Ƙannena Masu Karatun Sarrafa Ayyuka da Fasaha, Ku Fita Ku Ga Aiki da Idonku

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata, na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Al-Qalam, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da kwalejin Hassan Usman, da ku da kuka shiga sabuwar jami'ar sufuri ta Daura. Da ku nake, musamman masu karatun harkokin kasuwanci da ake koya wa darasin sarrafa ayyuka da fasaha. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawanku kuka mayar da wannan darasi na hadda. A haddace takardar da malami ya raba, a zuba a jarrabawa, a manta kafin a isa bakin get. Wannan asara ce babba, domin a duk abin da ake koya muku babu darasin da garinmu ke ƙishirwarsa kamar wannan.

Me ake nufi da shi? Sanin yadda aiki ke tafiya tun daga shigowar kaya har ya isa hannun mai saye: nawa za a sayo, yaushe, ina za a ajiye, wane inji zai yi me, mutum nawa ake buƙata, a ina aikin ke tsayawa, me ke lalacewa a hanya. Ba ilimin zama kan kujera mai juyi ba ne ana sa hannu a takarda. Wanda ya shigo da wannan burin, gara ya gyara niyyarsa tun yanzu.

Ku dubi kamfanin mulmula ƙarafa na nan Katsina. An buɗe shi a farkon shekarun 1980 tare da 'yan'uwansa na Jos da Oshogbo, kowanne an tsara shi ya iya fitar da tan 210,000 a shekara. Injuna sun zo, an horar da ma'aikata, an gina gidaje. Amma ɗanyen ƙarfen da za a mulmula daga Aladja ta jihar Delta aka tsara zai riƙa zuwa, daga can bakin teku har nan kusa da iyakar Nijar. Da kamfanin Aladja ya fara tangal-tangal, sai na Katsina ya rasa abin da zai ci. Haka kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa a jihar Kano: an buɗe shi a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, a shekarar kuma wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, dole aka dakata. Ko bayan tsutsa ta lafa, manomi yana duba farashin kwando a kasuwa, in ya fi na kamfani sai ya loda wa mota zuwa kudu, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Duk wuraren nan biyu kuɗi bai yi ƙaranci a farko ba, inji ma bai yi ba. Tambayar da ta kayar da su ita ce wadda ake koya muku a aji: daga ina kayan aiki zai riƙa zuwa kullum, a wane farashi, kuma in hanyar ta toshe ina za a nufa?

Shi ya sa nake roƙonku kada ku guji lissafi. Na san da yawa sun zaɓi wannan ɓangare ne don gudun lissafi, sai ga shi ya biyo su. Ku haƙura ku zauna da shi, ba mai wuya ba ne in an ɗora shi kan abin da aka sani. Ɗauki ƙaramin kamfanin shinkafa a misali. Ana jiƙawa, a turara, a shanya, a kai injin casa, a tsince, a ɗura a buhu. A ce injin casa na iya cinye buhu 100 a rana, amma filin shanya ba ya ɗaukar fiye da buhu 40. Kamfanin nan buhu 40 yake yi, komai kyawun injinsa. Mai shi yana iya cin bashi ya sayo inji na biyu, ya ƙara kuɗin dizal, ya ƙara ma'aikaci, a ƙarshen wata ya tarar buhu 40 ɗin nan ne dai. Ɗalibin da ya fahimci darasinsa zai ce masa: Alhaji, a bar zancen inji, a faɗaɗa wurin shanya ko a nemo na'urar busarwa. Magana ɗaya ta ceci miliyoyi. Amma ba zai iya faɗin haka ba sai ya tsaya a wurin da agogo da biro, ya ƙirga da kansa.

Haka lissafin layin jira. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak mai suna Erlang ne ya fara shi a 1909, yana aiki da kamfanin tarho na Kofinhegan. Bisa tsarinsa mafi sauƙi, in mutum 9 ke zuwa a awa ɗaya ba bisa wani tsari ba, ma'aikaci kuma yana iya sallamar 10 a awa, to kowa zai ɓata kusan awa guda kafin ya fita. In aka rage masa rubuce-rubucen banza ya koma sallamar 12, jiran ya sauko zuwa minti 20. Ku tuna da iyayenmu mata da ke zaune tun asuba a layin yankar kati a asibiti, goye da yaro mai zazzaɓi. Ba kullum ne maganin layin nan yake sabon gini ba. Wani lokaci sauya wurin teburi ne, ko raba masu dawowa da sababbin zuwa. Wannan aikin lada ne, kuma ku ne aka koya wa yadda ake yin sa.

Sai dai ku yi hattara da kwaso duk abin da ke cikin littafi ku jibga wa mutane. Za a koya muku tsarin Toyota, wanda Taiichi Ohno ya gina a Japan bayan yaƙin duniya na biyu: kada a tara kaya a sito, a kawo kowane abu daidai lokacin da ake buƙatarsa. Tsari ne mai kyau inda masu kawo kaya ke kusa, titi lafiya lau, wuta ba ta ɗaukewa. Mu a nan fa? Masara tana araha da kaka, ta yi tsada da damina. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, an sake rufe ta Nijar a 2023 bayan juyin mulkin can, mutanen Jibiya da Mai'adua sun san abin da hakan ya yi wa ciniki. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi cikin 'yan kwanaki. Ga matsalar tsaro a wasu hanyoyin ƙauyukanmu. Mai gidan kaji da bai ajiye masarar wata uku ko huɗu ba saboda wani ɗan jami'a ya ce ajiya ɓarna ce, ya shiga uku. Ɗan kasuwar hatsi na Dandume da bai taɓa shiga aji ba ya fi littafinku sanin wannan. Abin da ya kamata ku ƙara masa shi ne lissafin da bai yi ba: nawa ƙwaro da danshi ke ci a buhu ɗari cikin wata shida, nawa hayar sito, nawa kuɗin da aka daskarar zai kawo da an juya shi. Shi yana da gogewa, ku kuna da ma'auni. In kuka je masa da girman kai, ya kore ku kuma ya yi daidai.

Abin da ya fi dacewa ku ɗauka daga Toyota shi ne ɗabi'ar zuwa wurin aiki a gani da ido. Ana ba da labarin Ohno yakan zana da'ira da alli a ƙasan masana'anta, ya sa matashin injiniya ya tsaya ciki yana kallo har sai ya gano inda ake ɓata lokaci. Zuwa da kai ya fi aike, iyayenmu sun riga su faɗa.

Game da fasaha kuwa, a daina ɗaukar cewa sayen na'ura shi ne ci gaba. Injunan iska 37 na Lambar Rimi, da aka tsara su ba da megawat 10, sun shafe fiye da shekara goma ana jiran su gama tsayawa da ƙafafunsu. Rijiyoyin burtsatse masu sola nawa kuka gani a unguwanni sun mutu saboda wani ɗan ƙaramin abu ya ƙone, babu wanda aka ɗora wa gyara, babu kuɗin gyaran? Sarrafa fasaha shi ne a tambaya tun kafin a biya kuɗi: wa zai gyara, a Katsina ake samun kayan gyaransa ko sai Legas, ƙurar hunturu da zafin bazara za su bar shi, wa zai koya wa ma'aikata, shekara nawa zai yi kafin ya mayar da kuɗinsa? Kuma ku koyi Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, sosai, ba buɗewa da rufewa ba. Abin takaici ne a ga mai digiri a wannan fanni ba ya iya tsara lissafin shigar kaya da fitarsa a kwamfuta. Wanda ba shi da kwamfuta ya fara a waya, ko ya haɗa kai da abokinsa.

Lokacin SIWES, wato zuwa koyon aiki a ma'aikatu, ga waɗanda kwas ɗinsu ke da shi, kada ku nemi inda za a sa muku hannu a littafi kuna gida. Kundin kammala karatu kuma kada ku saya, kada ku kwafo na wata jami'a ku sauya sunan gari. Garinku cike yake da tambayoyin da ba a amsa ba. Kwandon tumatir nawa ke ruɓewa tsakanin Ɗanja da kasuwa? Tsawon wane lokaci tirela ke jira kafin a sauke ta? Me ya sa gidan burodi ke mayar da kaya kowace yamma? Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Daura da Katsina da Jibiya aka tsara ya bi. Ga tashar kaya ta tudu a Funtuwa. Wuraren nan za su nemi masu tsara lodi da sito da lokacin tashi. In ba ku shirya ba, za a kawo wasu daga nesa, ku tsaya kuna ƙorafi.

Akwai kuma zancen amana, kuma ba ƙaramin zance ba ne. Mai wannan ilimi yakan ƙare a sito, ko sashen sayayya, ko kan sikeli. Nan ne ake ƙara sifiri a rasit, a rubuta buhu ɗari an kawo casa'in, a karɓi kaya mara kyau saboda an sa wani abu a aljihu. Sura guda Allah ya saukar a kan masu tauye mudu. Lissafin da aka gina kan ƙarya ba ya gyara komai, ko da an yi shi a kwamfuta mafi tsada.

'Yan'uwana mata, kada a ce muku wannan fagen maza ne. Sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ake yi a cikin gidajenmu masana'anta ce cikakkiya, kuma ku kuke iya shiga inda namiji ba ya shiga. Ku auna tiyar gyaɗa nawa ke ba da kwalbar mai, nawa itace ke ci, nawa ke saura bayan an cire komai. Da yawan iyayenmu suna aiki tun safe ba su san ko riba suke ci ko uwar kuɗi ba.

Hutun nan mai zuwa, kowa ya zaɓi wuri ɗaya kusa da gida: injin niƙa, gidan ruwan leda, shagon ɗinki, kantin magani. Ka je ka gaida mai wurin, ka faɗa masa kai ɗalibi ne, ka nemi izini ka zauna sati biyu. Kwanakin farko kada ka ba da shawara ko ɗaya, ka dai rubuta lokacin da aka fara, lokacin da aka tsaya da dalilin tsayawar. Sirrin cinikinsa kada ya fita daga bakinka. In ka gama, shi za ka fara nuna wa abin da ka gano kafin malaminka, kuma ka kawo gyara ɗaya tak wanda ba ya buƙatar ya kashe kuɗi.