Iskar dawowa ba ta biyan bashin iskar tafiya

Masu hawan keke don motsa jiki a Zariya sukan ce wai abin da iska ta cinye maka a tafiya za ta mayar maka a dawowa. Ba haka lissafin yake ba.

A ce ka fita daga Kwangila ka kama hanyar Kano lokacin hunturu, iska na tasowa daga arewa maso gabas tana dukan ƙirjinka. Tafiyar kilomita 20 da ka saba yi cikin awa ɗaya, iska ta rage maka gudu zuwa kilomita 10 a awa, ta cinye awa biyu cur. Da ka juyo ta tura ka kana yin 30, minti 40 ka iso. Jimilla awa biyu da minti 40, maimakon awa biyu. Ka daɗe a ɓangaren wahala, ɓangaren daɗi kuwa nan da nan ya ƙare. Kuma in gudun iskar da ke tunkarar ka, haɗe da naka gudun, ya ninka biyu, turjiyarta sau huɗu take ninkawa.

Don haka ka fara da fuskantar iska tun da sauran ƙarfinka, ka sa giya mara nauyi, ka sunkuya kan kan keke. Ka riƙe shi gam in tirela za ta gifta, domin iskar gefe ita ke jefa mutum gefen kwalta.