Bincike yana nan, masu aiki da shi muke nema

Na karanta wani labari da ke kira ga gwamnatoci su riƙa sauraron masana kimiyya kafin su tsara dokokin muhalli, kuma wallahi ya sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ai an taɓa gwadawa an ga amfani: da masana suka gano ramin da ke rufin ozon, wato iskar da ke can sama tana kare mu daga hasken rana mai cutarwa, ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987 don rage sinadaran da ke lalata rufin, ga shi yana ta warkewa.

Mu nan Kaduna ba masana muka rasa ba. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, tana fitar da hasashen damina duk shekara, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa a Mando, ga masu binciken noma a Samaru. Amma bara da kogi ya cika, da idona na ga maƙwabciyata tana shanya katifa da littattafan 'ya'yanta a kan katanga, tana hawaye. Gargaɗin bai taɓa iso mata da Hausa ba.

Buhari ya sa wa dokar sauyin yanayi hannu tun 2021. Don Allah 'yan majalisarmu su zauna da waɗannan masana kafin kasafin kuɗi, a yashe magudanan ruwa tun watan Maris, a daina ba da fili a bakin kogi.