Kafin a ɗaura mata ruwan kemo, a gaya mata gaskiya kan haihuwa

Watan Oktoba ya sake wucewa, an yi tattaki a titunan Kumasi da riguna ruwan hoda, ana kiran mata su zo a duba musu mama da wuri saboda sankarar mama. Kiran yana da kyau. Sai dai a duk jawaban da na saurara ban ji wanda ya taɓo tambayar da ke hana matan zangonmu barci ba, wato ko mace za ta sake haihuwa bayan kemo, maganin sankara da ake ɗaurawa ta jijiya.

Wata 'yar'uwarmu a Aboabo, shekarunta 31, ɗanta ɗaya, ta sha kemo har ta gama, ta samu sauƙi, alhamdulillahi. Al'adarta ta ɗauke tun ana tsakiyar magani, har yau shiru. Babu wanda ya faɗa mata tun farko. Da ta yi kuka, abin da ta ji daga dangi da masu jinya iri ɗaya ne: "Baiwar Allah, ki gode da kika tsira da ranki." Wannan magana ce nake ƙi. Mai faɗinta ba shi ne zai zauna a gidan da dangin miji suka fara kiranta juya ba, ba shi ne zai ga ana shirin yi mata kishiya tun gashinta bai gama tsirowa ba.

Abin ba ɓoyayye ba ne ga likitoci. Da ƙwayayen haihuwarta gaba ɗaya ake haihuwar 'ya mace, kimanin miliyan 1 zuwa 2, suna raguwa har ta manyanta, jiki ba ya ƙera sababbi. Maganin cyclophosphamide, wanda yake cikin haɗin da aka fi ba masu sankarar mama, yana cinye wannan ajiya, kuma ɓarnar ta fi tsanani ga wadda ta doshi 40. Akwai hanyoyin kariya, amma duk kafin ruwan farko ya shiga jijiya ake yin su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana iya ciro ƙwai a daskarar da su, aikin kamar mako biyu. Ana iya yanko ɗan sashen ma'ajiyar ƙwan a adana, a mayar bayan warkewa. A 2004 aka haifi jariri na farko ta wannan hanya a Beljiyam. Akwai kuma allurar goserelin ta wata-wata, mai sa ma'ajiyar ƙwai ta huta lokacin kemo. A wani gwajin likitoci mai suna POEMS da aka wallafa a 2015, kashi 8 cikin 100 na matan da suka karɓe ta ne ma'ajiyar ƙwansu ta daina aiki, waɗanda ba su karɓa ba kashi 22. Ba ta ba da tabbas, amma tazarar ba ƙarama ba ce.

Za a ce tsada. Tsada ba ta hana likita buɗe baki na minti biyar, kuma na ga yadda muke tara kuɗin biki a zango cikin mako guda. Masu cewa addini ya hana kuwa, tun 2019 hukumar fatawa ta Masar ta halatta daskarar da ƙwai, matuƙar da maniyyin miji za a haɗa, kuma auren yana nan.

Shirun nan yana kashe mata. Wadda ta ga maƙwabciyarta ta dawo daga kemo ba al'ada, sai ta ɓoye ƙullutun da ta ji a mamanta, ta koma wurin mai saiwa, ba za ta isa asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu ba sai ciwo ya ci jiki. Muna zaginta da jahilci, alhali tsoron da take yi gaskiya ne, kuma ba mu ba ta amsarsa ba.

Inshorar lafiya ta ƙasa tana ɗaukar maganin sankarar mama, to a zauna a duba yadda kariyar haihuwa za ta shiga ciki. Kafin nan, duk macen da ba ta daina al'ada ba, a zaunar da ita da mijinta a yi musu bayani da harshen da suke ji, kafin ta sa hannu a takardar kemo.