Wai "ya ƙare a malamin makaranta"

Kun ga guntun bidiyon Rahat Kazmi, shahararren ɗan wasan kwaikwayon Pakistan, da na sa jiya da daddare, kuma kun ga abin da yaron nan ya zo ya rubuta a ƙasa. Ba zan kama sunansa ba, sa'an ɗana ne. Cewa ya yi: "Allah sarki, ashe duk wannan suna a malamin makaranta ya ƙare." Wasu suka bi shi da alamar dariya, har da wanda na koyar da hannuna. Wallahi da maganar nan na kwana, da ita na tashi.

Ya ƙare! Kamar wanda mota ta kaɗe, ko wanda kasuwa ta karye masa ya koma zaman bakin titi. Ɗana, ka san mutumin da kake magana a kansa kuwa?

Da farko dai ba fim ɗin Indiya ba ne, kamar yadda mutum uku suka rubuta. Wasan talabijin ne na Pakistan, da harshen Urdu, sunansa Dhoop Kinare, gidan talabijin na gwamnati PTV ya nuna shi a 1987. Haseena Moin ce ta rubuta, matar Rahat, Sahira Kazmi, ta ba da umarni, shi Rahat ya fito a Dakta Ahmer Ansari, babban likita mai ɗaure fuska, Marina Khan kuma ta fito a ƙaramar likita Zoya mai rawar kai da ke aiki a ƙarƙashinsa. Mutanen Indiya, da muke ganin su ne iyayen fim, kasakasan bidiyo na wasannin PTV suke nema a wancan zamanin su kalla a gidajensu. Bayan shekara 24, a 2011, sai da wata tasha a Indiya ta sake ɗauko labarin nan ta yi nata. Wannan shi ne mutumin da kake tausaya wa.

Ka je ka sake kallon bidiyon, wannan karon ka kalli fuskarsa kawai. Ba ya ɗaga murya, ba ya wurgi da hannu. Sai ya yi shiru, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ɗago ido a hankali, kai da ba ka jin Urdu ka fahimci ransa ya ɓaci. Ni da na yi shekaru ina tsayuwa gaban yara saba'in na san wannan shirun. Duk malamin da ya san aikinsa ya san shi. Shi ne shirun da ke kashe surutun aji ba tare da an ɗauki bulala ba.

An haifi Rahat Kazmi a Shimla a 1946, shekara guda kafin a raba Indiya da Pakistan. Ya karanta shari'a, ya yi digiri na biyu a adabin Ingilishi, ya shiga aikin gwamnati, irin aikin da iyaye ke yi wa 'ya'yansu addu'ar samu. A 1976 ya ajiye shi da kansa saboda wasan kwaikwayo. To mutumin da ya iya barin kujerar gwamnati da ƙafarsa, shi kake tsammanin yunwa ce ta koro shi aji? Lokacin da ya ɗauki alli yana koyar da adabin Ingilishi ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare a Karachi, babu gidan da ke da talabijin a ƙasar da ba a san fuskarsa ba. Zaɓa ya yi. Mai ilimi ne, ya ga yara, ya ga yana da abin ba su, ya shiga ya ba su.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Zia Mohyeddin, wanda ya fito a fim ɗin Lawrence of Arabia a 1962, wanda ya yi suna a dandamalin wasan kwaikwayo na Landan, shi ya dawo gida ya kafa makarantar koyon wasan kwaikwayo da kiɗa ta ƙasa a Karachi a 2005, wadda ake kira NAPA, ya zauna a cikinta yana gyara wa yara furuci har tsufa ya cim masa. Ya rasu a Fabrairun 2023 yana da shekara 91. Rahat Kazmi na cikin waɗanda suka riƙe makarantar nan tare da shi. Talat Hussain, mai muryar nan da ba a mantawa, ya yi karatun wasa a Landan, ya ci lambar yabo ta Amanda a ƙasar Norway a 2006, shi ma a NAPA ya koyar kafin rasuwarsa a Mayun 2024. Ita kanta Haseena Moin ta yi aikin malamar makaranta. Duk waɗannan ƙarewa suka yi? Manyan mutanen wata sana'a sun haɗu sun ce ba za mu tafi da abin da muka sani kabari ba, kai kuma kana nan kana cewa Allah sarki.

Na san abin da za ku ce, don wasu sun riga sun faɗa min ta saƙo. "Malam, ai wasa yaron yake yi." Ba wasa ba ne, abin da ke zuciya ne ya fito baki. "Malam, ai albashin malami ne ya jawo." Albashin na fi ku saninsa, ni nake karɓa, ni mai shago ke yi wa kallon ranar ashirin ga wata. Ƙarancin albashi laifin masu biya ne, a kai musu ƙorafin, ina cikin masu kaiwa. Amma tun yaushe talaucin mai sana'a ya zama hujjar raina sana'ar? Wani kuma ya ce me ya haɗa ni da ɗan wasan wata ƙasa da bai san ina duniya ba. Ba sai ya san ni ba. Zagin da aka yi masa a kaina ya sauka, da kan duk wanda ke zama da fitilar waya tsakar dare yana duba takardun jarrabawar 'ya'yanku.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, mu ne muke cewa "malam" ga duk wanda muke girmamawa. Direba malam, mai shayi malam, baƙon da ba mu san sunansa ba malam. Mun ɗauki sunan mun raba wa kowa saboda darajarsa, shi kuma ainihin mai sunan mun bar shi a baya. Na san gidan da aka hana abokina mata, uban yarinyar ya ce masa a fuska ya je ya nemi aiki tukuna. Yana koyarwa shekara shida a lokacin. Ya dawo ɗakina ya zauna a bakin katifa, ya cire hularsa yana juya ta a hannu, bai ce uffan ba har aka kira magariba. Kalmar da yaron nan ya rubuta jiya ita ce dai wadda dattijon can ya faɗa, sutura kawai ta sauya.

Ɗana, ban yi fushi da kai har zuciya ba. Wani ne ya koya maka haɗa baƙi da wasali har ka iya rubuta jimlar da ka rubuta, kuma ina fata yana raye ka je ka gaishe shi. Rahat Kazmi dai bai ƙare a aji ba, aji ne ya yi sa'ar samunsa.

Af, maganar Pakistan ta tuna min. Waɗanda suka yi sakandare a Arewa a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 za su tuna malaman Indiya da Pakistan da aka kawo mana, yawanci kimiyya da lissafi suke koyarwa. Namu na kemistiri ɗan Pakistan ne, dogo, kullum da farar riga mai gajeren hannu da biro uku a aljihu. Ranar Juma'a yakan bi mu masallaci a ƙafa, yana ƙoƙarin cewa "sannu da rana" muna gyara masa. Ranar da zai tafi ya raba mana littattafansa, nawa yana nan har yau, bangon ya cire amma rubutunsa na jan biro bai goge ba. Idan akwai ɗan ajinmu a nan da ya riƙe hoton da muka ɗauka da shi a gaban ɗakin gwaje-gwaje, don Allah ya turo min.