Ɗaure noti ba ya hana tsohuwar bindiga mai baki biyu girgiɗi

Da yawa in sun ji tsohuwar bindigar Ingila mai baki biyu tana girgiɗi, sai su hau ɗaure notuna. Ba noti ke riƙe bututun ba.

A ƙasan bututun akwai ƙarafa biyu da suka fito. Na gaba yana da ƙugiya wadda ke rataye a kan wani fil mai kauri a jikin bindigar, a kansa take buɗewa. Sakatar da Purdey, wani maƙerin bindiga na Landan, ya ƙirƙiro a 1863 kuma tana shiga tsagar ƙarafan biyu ta kulle. Katakon gaba aikinsa hana bututun zamewa in an buɗe, yana kuma ɓoye girgiɗi, don haka a sauke harsashi, a cire katakon kafin a gwada girgiɗin.

Abin da ke cinyewa shi ne ƙugiyar da fil ɗin. Gyaransa a sa sabon fil mai ɗan kauri, ko a cike ƙugiyar da walda, sannan maƙeri ya shafa baƙin hayaƙi, ya rufe bindigar, ya goge inda ya taɓa da magagari, har ta zauna daram. Kada a buga da guduma. In an yi haka, harbi kaɗan girgiɗin zai dawo.